Littafin Ƙungiya A Cikin “Gajimare”: Zato Biyar Da Ke Bukatar Gyara

Tun da aka kafa Jihar Jigawa a 1991, aka mai da Dutse babban birninta, hidimar ƙungiyoyin manoma na Limawa da kewaye sai ƙaruwa take yi. A dā littafi ɗaya ya ishi ƙungiya, watau na kuɗin wata. Yanzu kuwa ga rancen taki, ga sayen riɗi da zoɓo da kaka, ga hayar injin ban ruwa, ga lissafin banki. Saboda haka ba abin mamaki ba ne wata rana mai talla ya sallama wa shugabanni da wata manhajar kwamfuta da Turawa ke kira ERP, ya ce tana zaune “cikin gajimare”. Waɗansu za su yi ɗoki, waɗansu za su tsorata. Tun da yake kuɗin membobi ne za a kashe, ya kamata mu fahimci abin tun bai zo ba.

Mece ce ita?

Littafi ne guda wanda ya haɗa dukan littattafan ƙungiya. A ce mai sito ya ba wani memba buhu 2 na taki bashi. Da ya rubuta a wayarsa, sai buhunan sito su ragu da 2, bashin ya hau kan sunan memban, ma’aji kuma ya gani nan take daga gidansa. Ba sai an kwafa sau uku ba. Manyan masana’antu ne suka fara aiki da irinta, kamar wadda kamfanin SAP na Jamus, wanda aka kafa a 1972, yake sayarwa. Yau akwai ƙanana kamar Odoo da ERPNext, waɗanda ƙaramar ƙungiya za ta iya ɗauka.

Zato na fari: “Lissafinmu yana yawo a sama, kowa yana gani.”

Gajimaren nan suna ne kawai. Ainihinsa wani babban gini ne cike da kwamfutoci, a Legas ko Abuja ko ƙasar waje, inda ake ba mutane hayar wurin ajiya. Kamar dai mutumin da ya kai hatsinsa sito a kasuwar Shuwarin: hatsin nasa ne, ɗakin na wani ne. Ba mai buɗe littafin sai wanda aka ba kalmar sirri. Tun 2023 kuma Nijeriya tana da dokar kare bayanan jama’a, wadda ta ɗora wa mai riƙe da sunayen mutane da lambobinsu nauyin tsare su. Inda ɓarna ta fi shigowa shi ne cikin gida, sa’ad da shugaba da ma’aji da mai sito suke aiki da kalmar sirri ɗaya, ko aka rubuta ta a bangon ofis. Kowane ma’aikaci ya sami tasa, domin a san wanda ya rubuta kowane abu.

Zato na biyu: “Tun da yana can, ba abin da zai ɓata.”

Wannan shi ne kishiyar na fari, shi ma kuskure ne. Gaskiya ne gara da ɗigon ruwa da ambaliya irin ta 2022 ba za su ci littafin da ke can ba. Amma gini gini ne. A watan Maris na 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cikin gine-ginen kamfanin OVH a birnin Strasbourg na Faransa, waɗansu masu haya da ba su ajiye kwafi a wani wuri ba suka rasa bayanansu ɗungum. Ran 14 ga Maris 2024 kuma wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka yanke a gaɓar Afirka ta Yamma, har aikin bankuna ya tsaya cik a wurare da yawa a Nijeriya. Mu kuwa a ƙauye mun san yadda sabis da wutar lantarki suke yi mana. Saboda haka kada a yar da littafin rasit. Kowane ƙarshen wata a buga lissafin a takarda, shugaba da ma’aji su sa hannu, a ajiye a akwati.

Zato na uku: “Saye ɗaya ne, an gama.”

Yawancin irin wannan manhaja hayarta ake yi. Ana biya kowane wata ko kowace shekara, sau da yawa bisa ga yawan masu aiki da ita, kuma kamfanonin waje da dala suke ƙididdigewa. A farkon Yuni 2023 dala ɗaya tana wajen Naira 460 a farashin gwamnati. A Fabrairu 2024 ta wuce Naira 1,500. Ƙungiyar da ta yi kasafi da farashin dā, kuɗin hayarta ya ninka sau uku, alhali ba ta ƙara ko memba ɗaya ba. Har waɗanda ake cewa kyauta ne, sai an biya wurin ajiya da mai saita su. A ƙara da kuɗin waya, da data, da caji, da koyar da ma’aikata. A tara jimlar shekara uku tukuna, sa’an nan a gwada ta da ribar ƙungiya.

Zato na huɗu: “Na’ura za ta gyara mana lissafi, ta hana cuta.”

Wannan ya fi sauran haɗari, gama shi ne ya fi daɗin ji. Abin da aka zuba wa na’ura shi take mayarwa. Idan mai sito ya karɓi buhu 50 ya rubuta 48, na’ura za ta yi ta nuna 48 da kyakkyawan rubutu, ba za ta taɓa shiga sito ta ƙirga ba.

Manoma da yawa suna tune da shirin taki na Gwamnatin Tarayya na 2012, zamanin da Akinwumi Adesina yake ministan aikin gona. An yi wa manoma rajista, saƙo ya zo ta waya, mutum ya je ya karɓi buhu 2 a rabin kuɗi. Inda rajista ta yi kyau, taki ya kai hannun manomi. Inda aka rubuta suna ko lambar waya ba daidai ba, manomi ya yini a layi ya koma hannu wofi. Na’urar ɗaya ce, bambancin yana wurin masu rubutu.

Manya ma ba su tsira ba. Kamfanin kantuna na Lidl a Jamus ya yi shekara bakwai yana ƙoƙarin kafa irin wannan manhaja, a 2018 ya watsar da ita bayan kashe wajen Yuro miliyan 500. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne, su sun saba ƙididdige kaya da farashin saye, manhajar kuwa an gina ta a kan farashin sayarwa, suka ƙi sake al’adarsu. Mu ma muna da irin wannan matsala. Wani yana auna riɗi da tiya, wani da kwano, wani da kilo. Buhun wani tiya 40 ne, na wani ya fi haka. Sunan memba ɗaya ya fito Audu a littafin rance, Abdu a na kuɗin wata. In ba a daidaita waɗannan ba, na’ura za ta mai da mutum ɗaya biyu, bashinsa ya rabu, rigima ta tashi ranar taron shekara.

Zato na biyar: “Za ta kori magatakarda.”

Aikin kwafe-kwafe da tara lambobi ne kaɗai zai ragu. Har yanzu ana bukatar amintaccen mutum wanda ya san membobi, ya san wanda gonarsa ta nutse da wanda yake ɓoyon amfani don kada ya biya. Abin da ya kamata shi ne a koya wa mutum biyu ko uku, har da mata, don kada aiki ya tsaya idan yaron da ya iya waya ya sami makaranta ya tafi.

Kafin a sa hannu

Shawararmu ga kowane kwamiti ita ce, a fara da gyaran littafin takarda. A yi rajista guda, kowane memba da lambarsa. A amince da ma’auni ɗaya. A riƙa ƙirga sito kowane wata a gaban shaidu biyu. Idan an yi shekara guda lissafi yana fita daidai, to, an isa a duba manhaja.

Ran da mai talla ya zo, a yi masa tambayoyi huɗu, ya amsa a rubuce. Nawa ne jimlar kuɗin shekara, da Naira ko da dala? Idan sabis ya ɗauke, za a iya ci gaba da rubutu? Wa za mu kira idan ta lalace, yana Dutse ne ko Kano ko Legas? Idan muka daina biya, za a ba mu dukan lissafinmu a siffar da za mu iya karantawa?

Sa’an nan a gwada ta a sashe ɗaya, misali rancen taki na damina guda, tare da littafin takarda, a ga ko jimlarsu za ta zo ɗaya. Ƙungiya mai membobi 20 da sito guda, littafi mai tsabta ya ishe ta. Wadda take da rassa a ƙauyuka da dama, ita ce za ta fi morar gajimare. A kai maganar gaban babban taro, membobi su ji kuɗin da kunnensu, gama su ne masu biya.