Ɗalibi Kirista a Jami'ar Gwamnati: Yadda Ake Riƙe Bangaskiya Nesa da Gida

Duk shekara idan sakamakon JAMB ya fito, iyalai da yawa daga Kudancin Kaduna, Filato, Gombe, Adamawa da Taraba waɗanda ke zaune a nan Kudu sukan tura 'ya'yansu jami'o'in Ibadan, Legas, Ife, Benin ko Nsukka. Murna ake yi, amma akwai tambayar da ke cin iyaye a rai: yaron da ya tashi yana zuwa sujadar Hausa kowace Lahadi, yana cikin ƙungiyar mawaƙa, zai dawo da bangaskiyarsa kuwa?

Da farko a gane irin wurin da zai shiga. Jami'ar gwamnati ba makarantar mishan ba ce. Sashe na 10 na Tsarin Mulkin 1999 ya hana gwamnati ɗaukar wani addini a matsayin na ƙasa, sashe na 38 kuma ya ba kowa 'yancin bin addininsa. Ma'ana dai, ba mai hana ka addu'a, ba kuma mai tashe ka da asuba ya ce ka yi. A Jami'ar Ibadan, wadda aka kafa a 1948, akwai majami'ar Furotesta, akwai ta Katolika, ga kuma masallaci, duk a harabar makarantar. Ƙofa a buɗe take, shiga kuwa ya rage naka. To, a nan ne ake sanin ko bangaskiyar taka ce ko aro ka yi daga Baba da Mama.

Gwajin da ɗalibi ke haɗuwa da shi ba kasafai yake zuwa daga lakcara mai musun Allah ba. Akwai irinsu, kuma a darasin falsafa ko kimiyyar halittu za a yi tambayoyin da ba a taɓa yi maka ba a makarantar Lahadi. Wannan ba abin gudu ba ne. Ka rubuta tambayar, ka yi karatu, ka kai wa fasto ko wani babba mai ilimi. Wanda bai taɓa tambaya ba, ƙaramar iska ma sai ta kayar da shi.

Babban gwajin yana cikin harkar yau da kullum. Ga satar amsa a ɗakin jarrabawa, wadda dokar 1999 kan maguɗin jarrabawa ta tanadar wa tara ko ɗauri, ban da korar da makaranta ke yi. Ga biyan kuɗi don a gyara maki. Ga damfarar intanet, inda abokin ɗakinka zai sayi sabuwar iPhone kai kuwa kana jiƙa gari. 'Yan mata kuma suna fama da masu neman lalata da su a madadin maki ko kuɗin haya. Sai ƙungiyoyin asiri. Tushensu ana danganta shi da ƙungiyar da Wole Soyinka da abokansa shida suka kafa a Ibadan a farkon shekarun 1950, wadda ba ta zubar da jini ba ce a lokacin, amma waɗanda suka ɓullo daga baya sun ci rayuka da dama. Su kan fara ne da alheri: a biya maka abinci, a ce za a kare ka. Sabon ɗalibi mara kowa shi ne naman farautarsu.

Shi ya sa maganin farko shi ne zumunci. Wanda ya yi sakandare a Arewa ya san FCS, wadda ta faro a Gindiri a 1957. A jami'o'in Kudu zai tarar da NIFES, da aka kafa a Ilorin a 1968, da NFCS ta ɗaliban Katolika, ga kuma ƙungiyoyin ɗalibai na ɗariku daban-daban. Ka zaɓi guda tun makon farko, ka tsaya a cikinta. Ka kuma nemi ikilisiyar ECWA ko COCIN mai sujadar Hausa a cikin gari, domin jin wa'azi da waƙa a harshen da ka saba yana rage kewar gida ƙwarai.

Amma fa a yi hattara, zumuncin ma yana iya zama tarko. Akwai ɗalibin da kullum yana kwanan addu'a, lakcar ƙarfe takwas kuwa ba ya zuwa, ƙarshen zango sai maimaita kwas. Karatu aka turo ka yi, kuma yin sa da gaskiya shi ma bauta ne. Duk ƙungiyar da ta ce ka ba da kuɗin makarantarka a matsayin baiko, ko ta raba ka da iyayenka, ka yi nesa da ita.

Akwai kuma abin da ya shafi 'ya'yanmu musamman. Da zarar an ji kana Hausa a waya, sai a kira ka "aboki", a ɗauka kai Musulmi ne, wani ma ya yi mamakin ganinka da Littafi Mai Tsarki na Hausa, alhali tun 1932 aka buga shi cikakke. Kada abin ya ɓata maka rai, ka yi bayani cikin fara'a. Ɗan'uwanka Musulmi ɗan Arewa kuma, wanda kuke ɗaki ɗaya, maƙwabci ne: ka rage sautin waƙarka idan yana salla, shi ma zai girmama lokacin addu'arka. Halinka ake fara karantawa kafin a saurari wa'azinka. Labarin Daniyel a Babila ya isa misali: ya yi karatun mutanen ƙasar har ya fi sa'o'insa, amma ya san inda ya ja layi.

Iyaye kuma, kada kiran waya ya tsaya kan "kuɗi sun shigo?" Ku tambayi inda yake sujada, su wa yake tafiya da su, me ke damunsa. Idan ya faɗi jarrabawa ko ya yi kuskure, ku bar masa ƙofar faɗa muku gaskiya. Yaron da ke tsoron gida, wasu ne za su riga ku jin matsalarsa.