Shawara Bisa Zaɓen Mai Horar Da 'Yan Tamaula

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka taimake ni da ɗan fili a cikin jaridarka mai farin jini, in faɗi albarkacin bakina bisa wata gardama wadda ta daɗe tana yawo tsakanin samarin Gwarzo da na Kabo, har ta kai malaman makaranta da akawuna sun sa baki. Gardamar kuwa ita ce, in ƙungiyar tamaula za ta ɗauki mai horarwa, watau koci, shin lalle sai an nemi wanda ya taɓa haurar da wata ƙungiya daga ƙaramar gasa zuwa babba, ko kuwa wannan ba abin dubawa ba ne?

Domin malamanmu waɗanda ba su bin labarin tamaula, bari in ɗan yi bayani. Gasar ƙasar nan hawa-hawa ce, kamar azuzuwan makaranta. A sama akwai Firimiya, mai ƙungiyoyi 20. Ƙarƙashinta akwai gasa ta biyu, wadda aka raba Arewa da Kudu, sa'an nan ta uku a ƙasanta. In shekara ta ƙare, huɗu na ƙarshe a Firimiya su sauko, huɗu na gaba a ta biyu su hau. Amma nan ba kamar makaranta ba ne, inda yaro in ya haye aji ya haye ke nan. Nan wanda ya hau bana yana iya saukowa baɗi, ga asarar dukiya, ga 'yan wasa sun watse.

Abin da ya hura wutar gardamar a wajenmu shi ne labarin ƙungiyar Barau, wadda Sanata Barau Jibrin, mutumin Kabo, ya kafa a 2024. Ba ta fi shekara guda ba sai ga ta a Asaba cikin watan Yuli na 2025, a wasan ƙungiyoyi takwas inda ake fid da masu hawa, ta kuwa haye Firimiya tare da Wikki Tourists ta Bauci da Warri Wolves da Kun Khalifat. Rabi'u Tata ne ya ja ragamarta har ta hau. Da aka zo shiga babbar gasa sai aka ɗauko Ladan Bosso aka ɗora shi bisa aikin, mutumin da ya kai samarin Nijeriya 'yan ƙasa da shekara 20 gasar duniya a 2007, ya sāke kai su a 2023, har suka doke Ajantina da ci 2 ba ko ɗaya a ƙasarta. Nan fa baki ya rabu. Waɗansu suka ce wanda ya sha wahalar noma shi ya kamata ya ci tuwon sabon gero. Waɗansu suka ce a'a, da tsohuwar zuma ake magani.

Ni dai ga abin da na gani. Hawa aiki ne, zama kuma wani aiki ne dabam, kuma shaidar da mutum ya samu a ɗaya ba ta isa ta zama shaida a ɗayan ba. Kakanninmu fatake sun san wannan. Madugu shi ya san hanyar Gwanja, ya san mashigin kogi, ya san zangon da ke da ruwa, ya san inda 'yan fashi ke kwanto. Amma in ayari ya sauka lafiya, ba madugu ke sayar da goro ba, sai a nemi fatoma da dillali. Ba wanda ya ce madugu ya gaza don wannan.

To, kada mai karatu ya zaci na raina sanin hanya. Gasa ta biyu tana da halinta, wanda sai wanda ya shiga ya sani. Filaye ba su da kyau, ƙwallo ba ta bin inda aka aike ta, tafiya da nisa cikin mota, cin wasa a gidan wani kuwa abu ne mai wuya ƙwarai. A 2023 da 2025 kuma, daga ƙarshe sai aka tara ƙungiyoyi takwas a gari guda, suka yi ta karawa cikin 'yan kwanaki, wahalar shekara duka ta rataya bisa wasa uku ko huɗu. Kocin da ya taɓa ratsa wannan ya san irin yaron da zai ɗauka, watau mai ƙashi da jimiri, ba mai ado da ƙwallo kaɗai ba. Ya san ranar da zai nemi ci, ya san ranar da kunnen doki ya ishe shi. Saboda haka in ƙungiya tana ƙasa tana neman hawa, lalle wanda ya taɓa hawa yana da abin da zai ba ta. A Ingila akwai wani dattijo, Neil Warnock, wanda ya haurar da ƙungiyoyi har sau 8, ba wanda ya kai shi a ƙasarsu. Sa'a ba ta zuwa wa mutum sau takwas.

Amma a dubi abin da ya biyo baya. Shi wannan Warnock ya haurar da Sheffield United zuwa Firimiyar Ingila a 2006, suka sauko a 2007. Ya haurar da Cardiff a 2018, suka sauko a 2019. Gwanin hawa ne wanda ba a ja da shi, amma zaman bai taɓa yi masa daɗi ba. Ga kuma Vincent Kompany, wanda bai taɓa haurar da kowa ba sa'ad da Burnley ta ɗauke shi a 2022. Ya hau da maki 101 cikin wasa 46. Da ya je sama sai ya tashi da maki 24 cikin wasa 38, ya sauko a 2024. Duk da haka Bayern Munich ta Jamus ta ɗauke shi, ya kuwa ci mata gasar ƙasar a 2025. Mutum ɗaya ne fa, ilminsa bai ƙaru dare ɗaya ba, bai kuma ragu ba. Abin da ya sāke shi ne 'yan wasan da ke hannunsa da waɗanda yake karawa da su.

Mu komo gida, gama abin da ya faru a ƙofarmu ya fi na Turai amfani gare mu. Kano Pillars, Sai Masu Gida, an kafa ta a 1990. Ta ci Firimiya a 2008 da 2012 da 2013 da 2014, ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar zakarun Afirka a 2009, ta ɗauki kofin ƙalubale a 2019. Da wannan tarihi duka ta faɗi a 2022, tare da Katsina United da Heartland da MFM. Wanda bai ga yadda gidajen kallo da majalisun samari suka yi tsit a lokacin ba, ba zai gane nauyin abin ba. A 2023 Evans Ogenyi ya komo da ita sama a Asaba, Usman Abdallah kuma ya komo da Katsina United. Sauran biyun da suka hau a wannan shekara su ne Heartland da Sporting Lagos.

Ga abin lura. Pillars ba ta shiga Firimiya da wanda ya haurar da ita a kan gaba ba, sai ta ɗauko Abdu Maikaba. Katsina ma ta sāke hannu. Dukansu biyu suka zauna. Heartland da Sporting Lagos kuwa sun fara shekara da waɗanda suka haurar da su, suka sāke su a tsakiyar tafiya, suka kuma faɗi a 2024. Na san wani zai yi wuf ya ce, to ai magana ta ƙare, a riƙa sallamar mai hawa da zarar an hau. A'a, kada a yi gaggawa. Ƙungiya huɗu ba su isa a kafa hukunci da su ba, kuma Pillars da Katsina gwamnatocin jiha ke riƙe da su, suna da tsofaffin 'yan wasa waɗanda suka san Firimiya tun kafin faɗuwa. Sporting Lagos kuwa jaririya ce, a 2022 aka kafa ta.

Shi Maikaba ma hujja ne a kan masu cewa kowane koci da rukuninsa. Ya kai Wikki Tourists matsayi na uku a Firimiya a 2016, ya ci kofin ƙalubale da Akwa United a 2017, sa'an nan ya sauka gasa ta biyu ya haurar da Wikki a 2025. Usman Abdallah kuma sai da ya ci Firimiya da Enyimba a 2019 kāna ya je ya yi aikin hawa a Katsina. Ashe gwani na sama yana iya aikin ƙasa in ya ƙasƙantar da kai ya koyi halinta.

Shi kuma Ogenyi, a 2025 Pillars ta ba shi ragama a Firimiya, jama'a suna cewa ai shi ya fid da mu daga rami. Kafin watan Oktoba ya ƙare an dakatar da shi saboda rashin cin wasa. Amma adalci ya sa in faɗi cewa cikin wannan wata ne 'yan kallo suka afka fili a Ƙofar Mata bayan wasa da Shooting Stars, hukumar gasa ta zare wa ƙungiya maki 3, ta kuma hana ta wasa a gida. Irin wannan zarar maki ta sami Pillars a 2022 ma, shekarar da ta faɗi. Wane koci ne, komi yawan hawan da ya taɓa yi, zai iya tsare makin da 'yan kallo suka zubar da hannunsu? Wannan magana tamu ce, mu masu zuwa kallo, ba ta koci ba.

Saboda haka shawarata ga masu riƙe da ƙungiyoyi, manya da ƙanana, har da na garuruwanmu masu fatan su fita daga gasar jiha su shiga ta ƙasa, ita ce kada su tsaya ga jin cewa wane ya taɓa hawa. Wannan farkon bincike ne. A tambaya, da wace dukiya ya hau? In ƙungiyarsa ta fi kowa kuɗi a rukuninta, ta saye 'yan wasan da suka fi na kowa, to, kuɗi ne suka hau, shi rakiya ya yi. In kuwa ya hau da yaran gari, albashi yana makara, motar tafiya tana lalacewa a hanya, wannan a riƙe shi da hannu biyu. A tambaya kuma, yaran da ya samu, sun fi yadda ya same su sa'ad da ya bar su? Wannan ita ce tambayar da na fi ba nauyi, gama ni malamin makaranta ne, kuma mu a wurinmu ba a auna malami da ɗalibin da ya zo da karatunsa daga gida. Amsarta kuwa ba ta cikin takardar da koci zai kawo. Sai a aika a tambayi 'yan wasan da suka yi aiki ƙarƙashinsa, musamman waɗanda ba ya sa su wasa kullum, don su ne ba su da dalilin yabonsa.

Sa'an nan masu ƙungiya su tambayi kansu abin da suke nema kafin su tambayi koci. In hawa ake so bana, a faɗa masa, a kuma rubuta tun ran fari abin da zai zama makomarsa in an hau, ko zai ci gaba da jan ragama, ko za a kawo wani bisansa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Rashin wannan sharaɗi shi ke sa mutum ya yi wahala shekara guda, ran murna kuma ya ji labarin magajinsa a rediyo. Wanda ya ga an yi wa ɗan'uwansa haka, in aka kira shi gobe, zai yi aikin da rabin zuciya, ya riƙa sa tsofaffin da za su ci masa wasan yau, ya bar yara masu tasowa a benci.

Ina fata 'yan'uwa masu karatu na Katsina da Bauci, waɗanda suka ɗanɗana faɗuwa suka kuma ɗanɗana hawa, za su rubuto su gaya mana yadda abin ya kasance a wajensu, musamman batun albashin 'yan wasa a shekarar da aka hau da shekarar da ta biyo.

Wassalam.

Ni ne naka,
Wani Malamin Makaranta,
Gwarzo.