Idan Ta Ɓaci, Ina Za Mu Dosa?

 Yau zancenmu na agajin gaggawa ne, musamman a Kiyawa da kewayenta.

Kowa ya san babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri ta ratsa ƙasar Kiyawa, ta bi ta Shuwarin ta nufi Azare, kuma dare da rana tankokin mai suna wucewa. To, ku tuna da abin da ya auku a Majiya, cikin Ƙaramar Hukumar Taura, daren 15 ga Oktoba, 2024. Wata tanka da ta taso daga Kano za ta Nguru ta kife, mai ya malala a magudana, jama'a suka fito da bokitai suna kwasa, sai wuta ta tashi. Sama da mutum 150 suka rasu. Allah ya jiƙansu da rahama.

Abin lura shi ne, Taura ita kaɗai ba ta iya ɗaukar wannan nauyi ba. Sai da aka rarraba masu ƙuna zuwa asibitocin Ringim da Haɗeja, wasu har Kano. Ashe ke nan iyakar ƙaramar hukuma ta takarda ce, wuta da ambaliya ba su san da ita ba. Jihar Jigawa tana da ƙananan hukumomi 27, da hukumar agajin gaggawa ta SEMA a Dutse, amma a ganina wajibi ne shugabannin Kiyawa da Dutse da Jahun su zauna tun ana zaman lafiya su yanke: motar kashe gobarar wa za ta fara fita, wane asibiti ne zai karɓi mutum nawa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ranar gobara kuwa ba a kiran taro.

Mu mata mun fi kowa sanin wannan. Naƙuda ba ta jiran gari ya waye. Mace da haihuwa ta zo wa da gardama, sau da yawa sai an fitar da ita daga ƙaramar hukumarta, ko zuwa Dutse, ko Babban Asibitin Jahun, inda likitocin ƙungiyar MSF suke karɓar haihuwa da gyaran yoyon fitsari tun 2008. Jinkirin neman mota shi ke cinye lokaci, ga kuma jiran izinin maigida idan ya yi tafiya. Don haka uwargida, tun ciki yana wata bakwai ki nemi izinin nan, ku kuma tsai da direban da za a buga wa.

Ku kuma 'yan makaranta, tunda kun iya rubutu, ku rubuta wa Inna lambobin nan a bangon ɗaki: 112 ta gaggawa ce ta ƙasa baki ɗaya, 122 ta jami'an kiyaye haɗurra. Idan kuwa kuka ji tanka ta faɗi, ku riƙe ƙannenku a gida, ku ɓoye bokitin.