Tiraka Tana Nuna Inda Mota Take, Amma Ba Ta Dawo da Ita

Wuraren da ababen hawa suka fi ɓacewa a garuruwanmu sanannu ne: bakin masallacin Juma'a, wajen ɗaurin aure, ƙofar asibiti, gefen kasuwa. Duk wurare ne da mutum ke ajiye mota hankalinsa na wani waje, ɓarawo kuma ya san tsawon lokacin da zai ɗauka kafin ya fito. Da labari ya bazu, tambayar da 'yan jaje ke fara yi ita ce, "Ba ka sa mata tiraka ba?" Sai ka ce wannan 'yar na'ura laya ce da ke ɗaure ƙafar ɓarawo. Abin da take bayarwa, ita da sauran na'urorin tsaro, lokaci ne kawai, wani sa'in mintoci, wani sa'in awanni. Wanda bai shirya abin da zai yi da wannan lokaci ba, kuɗinsa ya kashe a banza.

Yawancin motocin da ke titunanmu tsofaffi ne, irin su Corolla da Camry da Golf da suka sha hannu kafin su iso mu. Ramin makullinsu ya siɗe, har makullin wata motar kan iya murɗa shi. Maganin da masu ƙera motoci suka samo tun tuni shi ne wata 'yar ƙwayar lantarki da ake binnewa a kan makulli. In ƙwaƙwalwar mota ba ta gane ƙwayar ba, inji ba zai tashi ba ko da makullin ya murɗu. Tarayyar Turai ta wajabta wannan a sababbin motoci tun 1998, Kanada ta bi sahu a 2007, Amurka kuwa ba ta taɓa wajabta shi ba. Shi ya sa Kia da Hyundai masu yawa da aka sayar a can tsakanin 2011 da 2021 suka fito babu shi, har matasa suka riƙa yaɗa bidiyon yadda ake tayar da su da kan wayar caji a TikTok. Mai sayen motar Amurka ya tambaya, kada ya ɗauka akwai.

Abin takaicin shi ne, ko motar ta zo da wannan kariya, mu ne muke kashe ta da hannunmu. Makulli ya ɓata ko ya fara gardama, sabo na da tsada, sai mai gyaran wayar mota ya ce, "Alhaji, bari kawai in haɗa maka kai tsaye." Ya tsallake na'urar, mota ta tashi, kowa ya yi murna. Daga ranar ta koma irin wadda ake sacewa da guntun ƙarfe. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari.

Motocin zamani da ake tayarwa da danna maɓalli suna da nasu ciwon. Rimot ɗinsu yana magana da motar ta iska muddin suna kusa da juna. Ɓarayi biyu sukan zo da dare, ɗaya ya tsaya jikin bango ko taga da na'urar da ke janyo siginar rimot ɗin da ke rataye a falo, ɗayan yana jikin motar da na'urar da ke karɓa. Motar ta zaci mai ita ne ya iso, ta buɗe, ta tashi, ba gilashin da ya fashe, ba ƙararrawar da ta yi kuka. Kariyar wannan ba ta da tsada: a nesanta rimot daga ƙofa da taga, a jefa shi cikin gwangwanin ƙarfe mai murfi. A gwada ta hanyar zuwa jikin motar da gwangwanin a rufe. In ta ƙi buɗewa, ya yi aiki. Akwai kuma masu toshe siginar lokacin da kake danna kulle a wajen ajiye motoci, ka tafi kana zaton ka rufe. Ka saba da jan hannun ƙofa kafin ka juya baya.

Wata dabarar ta fito fili a 2023, bayan an sace Toyota RAV4 ta wani masanin tsaron kwamfuta mai suna Ian Tabor a Landan. Binciken da ya biyo baya ya nuna ɓarayin sun ɓalle gefen bamba, suka kai ga wayoyin fitilar gaba, suka jona wata na'ura da ta yi wa ƙwaƙwalwar motar ƙaryar cewa makulli na nan. A wajenmu ɓarawo ba ya ma bukatar wannan wahala. Makullin da ka bari a wajen wankin mota, ko ya kwana a gareji, ko yake hannun direban da ba ka san gidansu ba, ana iya kwafarsa kafin ka dawo. Kuma duk lokacin da mota ta gagari ɓarawo a ajiye, mai ita yake nema da bindiga a ƙofar gida. In aka kai nan, a miƙa makulli ba gardama.

Ita tiraka abu biyu take dogara da su: tauraron ɗan'adam da ke gaya mata inda take, da layin waya da take aiko maka da labarin. Layin nan shi ne inda aka fi yin sakaci. Mutum ya sa na'ura shekara biyu da suka wuce, bai ƙara sa mata kati ba, bai taɓa buɗe manhajarta a waya ba, sai ranar da aka sace motar ya tarar layin ya mutu, ko an rufe shi tun lokacin da aka toshe layukan da ba a haɗa da lambar NIN ba. Duba ta sau ɗaya a mako bai fi minti guda ba. Sannan masu haɗawa da yawa wuri ɗaya suke cusa ta, ƙarƙashin sitiyari kusa da akwatin fis, inda ɓarawon da ya san aikinsa zai fara laluba. Nemi wadda ke da batirin kanta, mai aiko saƙo da zarar an cire batirin mota, kuma a ɓoye ta inda sai an sha wuya. Mai hali ya sa biyu, ɗaya don a gano ta a saki jiki. Shi kansa mai haɗawar ya zama wanda ka san shagonsa, domin ya san inda take, ya san lambar sirrin; canza lambar a ranar.

Wasu na jefa 'yar na'urar bin sawu ta AirTag a mota su ce sun gama. Wannan ba ta da layin kanta, da wayoyin iPhone na kusa take aiko labari, don haka a daji kurma ce, kuma an ƙera ta ne ta sanar da wanda take bi. Tiraka mai kashe inji daga nesa tana da amfani, amma ba a kashe motar da ke gudu a babban titi, ba a kuma kashe ta alhali ɗan'uwanka na ciki tare da masu bindiga. Ga mai babur da mai Adaidaita Sahu, wanda sau da yawa bai gama biyan kuɗin abin hawan ba, sarƙa mai kauri da kwaɗo da ɓoyayyen makunnin da ke yanke wuta har yanzu suna aiki. Haka sandar kulle sitiyari a mota: ɓarawo na ganinta daga waje ya lissafa mintocin da za ta ci masa.

Sai batun da ya fi ci wa mutane tuwo a ƙwarya. Ga ɗigon da ke nuna motarka yana motsi a wayarka, ka ruga caji ofis, a ce babu mota, ko babu mai, ko wurin ba yankinsu ba ne, ko mai kula da sashen ya fita. Kafin a gama rubuta bayani ɗigon ya ɓace. Daga Katsina zuwa Jibiya bai kai tafiyar awa guda ba, haka iyakokin Maigatari da Illela ba su da nisa ga wanda ya taka mota da dare. Wadda ba a tsallaka da ita ba kuwa ana iya yanka ta a sayar gunduwa-gunduwa kafin gari ya waye. Ba mu kaɗai ke wannan kuka ba. A Kanada an sace motoci sama da 105,000 a 2022, an kuma gano wasunsu a Ghana da Najeriya. A 2024 wani ɗan sanda a Toronto ya shawarci jama'a su riƙa ajiye makulli kusa da ƙofa don kada ɓarayi su shigo ciki nema, maganar da ta tayar da ƙura. Wannan ba uzuri ba ne ga namu jami'an. Kuɗin mai da ake karɓa a hannun wanda aka yi wa sata zalunci ne a kan zalunci, kuma rundunar na da sashen karɓar koke, CRU, da ya kamata a riƙa kai irin wannan gabansa.

Duk da haka, kai rahoto nan take ba abin wasa ba ne. A kira 112, a je ofishin da ya fi kusa, a dage sai an rubuta an ba da shaidar rahoton, domin motar da aka sace ana iya yin fashi da ita, lambarka ce kuma za a gani. Lambar shasi da ta inji da hotunan takardu su kasance a wayarka da ta wani naka. Takardun asali kada su kwana a aljihun mota. Rundunar 'yan sanda tana da rajistar ababen hawa ta intanet, e-CMR, wadda aka dakatar da tilasta ta a Yulin 2024 bayan ƙorafin jama'a, kuma tana da hanyar sanar da cewa an sace mota. In tiraka ta nuna motar a tsaye wuri guda, kada ka kwashi 'yan unguwa ku nufi can. Ɓarayi kan ajiye ta kwana ɗaya ko biyu su ga ko wani zai biyo, ƙila suna kallo daga nesa da makami. Wanda za ku tarar a cikinta kuma ƙila saya ya yi bai sani ba, mun kuwa sha ganin abin da taron fushi ke aikatawa kafin a yi tambaya.

Wannan mai sayen zai iya zama kai. Lambar shasi haruffa da lambobi 17 ce, tana ƙasan gilashin gaba ta gefen direba da kuma jikin ginshiƙin ƙofa. A gwada su da juna, a gwada da takardun kwastan da na rajista, a duba ko akwai alamar walda ko sabon fenti a wurin. Farashin da ya faɗi ƙasa da kasuwa sosai, da dillalin da ke gaggawa yana cewa takardu na hanya, dalili ne na janye jiki. Karɓar kayan sata laifi ne a doka, in mai motar ya bayyana kuma ba mota ba kuɗi.

Takardar inshorar da yawancinmu ke nuna wa jami'ai a hanya, wadda kuɗinta ya koma naira 15,000 a Janairun 2023, ɓarnar da ka yi wa wani take biya, ba ta biyan ko sisi in an sace motarka. Mai biyan sata ita ce cikakkiyar inshora, wadda hukumar NAICOM ta ƙayyade kuɗinta kada ya gaza kashi 5 cikin 100 na darajar motar a shekara. Masu ƙyamar inshora saboda addini suna da kamfanonin takaful masu lasisi. Ko wanne ka zaɓa, karanta sharuɗɗan kafin ka sa hannu: wasu suna gindaya sai motar na da tiraka mai aiki, kuma za a nemi rahoton 'yan sanda kafin a fara maganar biya.