Idan lamba ta ɓata, me za a sa a gurbinta?

A ce kana kula da ma'aunin ruwan sama. Ranar Litinin an sami milimita 10, Talata 20, ranar Laraba kuwa na'urar ta lalace, ba a auna komai ba. To me za ka rubuta a gurbin Laraba?

Mutane da yawa sai su ce a sa sifili. Amma sifili ma amsa ce, yana nufin an auna kuma ko ɗigo bai sauka ba. Kai kuwa ba ka sani ba, wataƙila ma an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. In ka sa sifili, matsakaicin kwana ukun zai zama 10, alhali abin da aka auna da gaske yana ba da 15.

Tsofaffin tsare-tsare, musamman na bayanan yanayi, sukan sa wata lamba da ba za ta yiwu ba, kamar -999, don ta zama alama. Dabarar tana aiki har ranar da wani ya manta ya haɗa ta cikin lissafi. Nan take matsakaicinka ya koma -323. Ruwan sama ƙasa da sifili!

Shi ya sa rumbunan adana bayanai masu amfani da SQL suke da alama ta musamman, NULL, wadda ba lamba ba ce kwata-kwata. In ka nemi matsakaici, kwamfuta za ta tsallake gurbin ta ba ka 15. Sai dai tana da nata halin: 5 a haɗa da NULL, NULL ne. In kuma ka tambaya ko NULL daidai yake da wani NULL, ba za ta ce eh ba, ba za ta ce a'a ba. Ai abu biyu da ba a san su ba, ba ka iya rantsuwa ɗaya ne.

Edgar Codd, masanin IBM da ya shimfiɗa tsarin ajiye bayanai a teburori a 1970, daga baya ya ga alama ɗaya ba ta isa ba. Ya so a bambanta abin da yake akwai amma ba a sani ba, da wanda babu shi tun asali, kamar shekarun matar mutumin da bai yi aure ba. SQL bai ɗauki shawarar ba.

Masu taswira sun san wannan matsala sosai. Idan wurin da abu yake ya ɓata aka cike da sifili biyu, sai ya faɗa tsakiyar teku, kusan kilomita 600 kudu da gaɓar Ghana. Har laƙabi suka yi wa wurin, Tsibirin Null, ga shi kuwa ba tsibiri a can, ruwa ne zalla.