Girman Kai Ya So Ya Wargaza Ƙungiyar Yankees A 1977

Wasan besbol, wanda ake doka ƙwallo da kulki, mutum tara ke tsaya wa kowane ɓangare, kuma a Amurka babu ƙungiyar da ta kai Yankees ta birnin New York yawan kofuna. Amma tun 1962 rabonta da kofin zakarun ƙasa. Don haka a watan Nuwamba na 1976 mai ƙungiyar, George Steinbrenner, ya ɗauko shahararren ɗan wasa Reggie Jackson a kan kuɗi kusan dala miliyan 3 na shekara biyar.

Ba a sarki biyu a gari ɗaya. Jackson ya tarar da kyaftin Thurman Munson, wanda aka zaɓa gwarzon gasarsu a 1976, ga kuma manaja Billy Martin, mutum mai zafin rai, wanda tun farko bai so zuwansa ba. Ana cikin haka sai mujallar Sport ta buga wata hira inda aka ce Jackson ya kira kansa jigon ƙungiyar, ya kuma ƙasƙantar da Munson. Ko da yake ya ce an juya maganarsa, abokan wasansa da yawa suka juya masa baya.

Ran 18 ga Yuni, 1977, a birnin Boston, Martin ya fitar da shi ana tsakiyar wasa, wai ya yi sanyin jiki wajen bin ƙwallo. Nan suka yi cacar baki har saura kaɗan a ba hammata iska, jama'ar ƙasa na kallo a talabijin.

Sai a watan Agusta Martin ya sauko, ya ba Jackson matsayi na huɗu a jerin masu bugu, wurin da akan ajiye mai ƙarfin duka. Daga nan nasara ta yi ta zuwa, suka gama da cin wasa 100. Ran 18 ga Oktoba, a karo na shida da Dodgers ta Los Angeles, Jackson ya doka ƙwallo ta tsallake katangar fili sau uku a jere, kowanne a jifan farko, daga hannun masu jifa uku. Yankees ta ɗauki kofi, Munson na cikin waɗanda suka tarbe shi da murna.

Duk da haka nasara ba ta kashe gabar ba. A watan Yuli na 1978 Martin ya kira Jackson maƙaryaci a gaban 'yan jarida, ya kuma soki Steinbrenner, dole ya ajiye aiki. Munson kuwa ya rasu ran 2 ga Agusta, 1979, a haɗarin ƙaramin jirgin saman da yake tuƙawa. A wasan da aka yi washegari a New York, inda aka yi juyayin rasuwarsa, an ga Jackson tsaye a fili yana zubar da hawaye.