Kafin Bakanike Ya Cire Wa Motarka Tamostat

Duk wanda ya taɓa sayen mota 'yar Kwatano ya san shawarar da ake ba shi tun kafin a yi mata lamba: a kai ta gareji a cire tamostat, a haɗa fanka dairek, a zubar da jan ruwan nan da ke cikin lagireto a cika da na famfo, sannan a yi juye a zuba baƙin mai mai kauri. Hujjar ɗaya ce a ko'ina, wai an ƙera motar ne don ƙasashen ƙanƙara, nan kuwa ranar Sakkwato da Maiduguri za ta sha. Da bazara ta kama, daga Maris zuwa Mayu, sai maganar ta dawo sabuwa a gareji da majalisu. Masu bin wannan shawara su ne dai masu kukan motarsu ta cika shan mai, musamman tun ranar 29 ga Mayu, 2023 da aka janye tallafin fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta wuce 500 cikin 'yan kwanaki, a 2024 kuma ta haura 1,000. Kaɗan ne ke lura cewa abubuwan biyu haɗe suke.

Mu ɗauki injin da kowa ya sani, na Toyota Corolla ƙirar 2003 zuwa 2008, wadda ta cika titunanmu daga Kano har Maraɗi. Sunansa 1ZZ-FE. Silinda huɗu gare shi, bawul 16, girmansa lita 1.8, ƙarfinsa kusan doki 130. Jikinsa da kansa duk na alminiyam ne, kuma sarƙa ke juya taimin ɗinsa, babu bel ɗin da za a riƙa canzawa. Ba shi da tarbo mai tura masa iska da ƙarfi. Fistin ne ke sauka ya zuƙo ta da kansa. Shi ya sa idan aka hau da shi Jos, wadda ke kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, direba kan ji motar ta ɗan yi nauyi. Iskar can ba ta kai ta ƙasa kauri ba, injin ya rasa wajen kashi ɗaya cikin goma na ƙarfinsa, lafiyarsa kuwa ƙalau. Rashin tarbo ya rage masa kayan lalacewa, har ba abin mamaki ba ne a ga wanda ya haura kilomita 300,000 ba a taɓa buɗe shi ba. Sharaɗinsa kawai a bar shi ya yi aiki a zafin da aka tsara masa.

Tamostat ɗin da ake ta tsangwama ɗan ƙarfe ne da bai cika tafin hannu ba, da sifirin a jikinsa, da wani ɗan kwanso mai kakin zuma irin na masana'anta a tsakiya. Idan ka juya na Corolla za ka ga an buga lamba 82. Ka jefa shi a tukunyar ruwa a kan wuta ka zuba ido: tun ruwan bai kai ga tafasa ba, da ya kai wajen digiri 82, kakin zai narke ya kumbura, bakin ya fara buɗewa a hankali. Ka sauke tukunyar, ruwan ya huce, ya koma ya rufe. Aikinsa ke nan a cikin mota. Da safe yana tsare ruwa a cikin injin don ya yi saurin ɗumama, da zafi ya kai sai ya sake shi zuwa lagireto. A tsakar ranar Afrilu a buɗe yake gaba ɗaya, ba ya tare komai.

Jikin ɗan Adam digiri 37 yake so, ko a Landan yake ko a Agadas. Ba wanda zai ce tunda Bahaushe a ƙasar zafi yake zaune, gara jininsa ya sauka zuwa 30. Wanda jikinsa ya yi wannan sanyi asibiti ake nufa da shi. Inji ma yana da nasa ma'aunin, tsakanin digiri 80 da 'yan kai zuwa 95. A kan wannan zafi aka auna ratar da ke tsakanin fistin da bangon silinda, a kansa aka zaɓi kaurin mai, a kansa aka tsara lissafin ƙwaƙwalwar motar, wadda kanikawa ke kira birenbos.

Wannan ƙwaƙwalwa tana da na'urar da ke gaya mata zafin ruwa a kowane lokaci. Inji mai ɗumi yana ƙona fetur kashi ɗaya da iska kashi 14.7 a ma'aunin nauyi. Mai sanyi kuwa sai an ƙara masa fetur, domin fetur ba ya zama tururi da kyau a kan ƙarfe mai sanyi. An tsara wannan ƙari ne na 'yan mintocin farko bayan tayar da mota. To idan babu tamostat, ga fanka tana ta kaɗawa tun daga murɗa makulli, ruwa ba zai yi zafi da wuri ba, da safiyar hunturu a kan babban titi ma yana iya ƙin kaiwa ko kusa. Ƙwaƙwalwa sai ta ci gaba da zuba fetur kamar yanzu aka tayar. Wanda bai ƙone ba ya wanke man da ke bangon silinda, ya gangara ya tsinka baƙin mai, ringi ya riƙa gogar ƙarfe. Danshin da ya kamata zafi ya kora ya zauna a cikin mai ya zama dagwalo. Ka buɗe marfin zuba mai na irin wannan mota ka shafa yatsa a cikinsa, baƙin maiƙo mai danƙo za ka lakato. Mai giya otomatik yana da ƙarin asara, domin ƙwaƙwalwar ba ta barin motar ta shiga giyar ƙarshe sai ruwa ya yi ɗumi.

Alhazanmu shaida ne. Corolla da Camry ne ke jigila a titunan Makka da Madina, inda zafin bazara ke haura digiri 45, kuma da tamostat ɗinsu kamfanin ke sayar da su a can.

Ban ga laifin tsofaffin kanikawanmu ƙwarai ba. Yawancinsu a kan Fijo 504 suka koyi aiki, wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975: inji mai jikin baƙin ƙarfe, mai kafireto, babu ƙwaƙwalwa, babu na'urar da za ta ruɗe. Idan aka cire mata tamostat, ɓarnar ba ta fitowa da wuri, fetur kuma a lokacin kusan kyauta ne. Maigida ya koya wa yaronsa, yaron ya buɗe nasa garejin ya koya wa nasa yaran, motoci suka canza, darasin bai canza ba. Gaskiya ne kuma tamostat yana mutuwa. Yakan maƙale a rufe, allurar zafi ta haura cikin mintoci, a cire shi motar ta huce, kowa ya ce an gano mai laifi. Wanda ya mutu sabo ake sawa a gurbinsa, kuma kuɗinsa bai kai na cika tanki sau ɗaya ba.

Sau da yawa ma ba shi ne ba. Lagireto ne ya toshe da tsatsa da gishirin ruwan rijiya, ko marfinsa ya saki, ko famfon ruwa ya ci, ko tiyo na yoyo, ko fanka ta daina tashi. Marfin nan da ake rainawa shi ke riƙe matsin da ke hana ruwa tafasa sai ya kai wajen digiri 120. Jan ruwan da ake zubarwa kuwa yana ɗauke da sinadarin hana tsatsa, abin da injin alminiyam ke matuƙar buƙata. Ruwan leda da ake tsiyayawa a gosulo ba shi da wannan. Cire tamostat yana ɓoye ciwon ne na 'yan watanni. Ranar da fankar da aka haɗa dairek ta gaji ta ƙone a cunkoson Kasuwar Kwari, zafi zai haura lokaci guda, kan injin ya lanƙwashe, gasket ya ƙone. Sai a zaro sandar gwada mai a ga ya koma launin shayi mai madara, a fara lissafin sauke inji.

Maganar mai mai kauri ma daga wannan tushe ta fito. Littafin wannan Corolla 5W-30 ya ce, kusan lita huɗu. Na'urar VVT-i da ke daidaita buɗewar bawul da matsin mai take aiki, ta cikin ƙananan hanyoyi da 'yar rariya mai saurin toshewa. Mai 20W-50 yana jinkirin isa can da safe, lokacin da inji ya fi cin kansa. Sanannen ciwon 1ZZ-FE, musamman na shekarun 1998 zuwa 2002, shi ne shan baƙin mai: ramukan da mai ke komawa ta cikinsu a jikin fistin ƙanana ne, dagwalo ya toshe su, ringi ya maƙale, mai ya riƙa ƙonewa yana fita ta salansa. Daga baya Toyota ta sauya ƙirar fistin ɗin. Inji mai gudu da sanyi, da man jabu, da juyen da ba a yi sai an tuna, su ne ke gaggauta wannan ciwo. A ƙura da gosulo irin namu, juye a kowane kilomita 5,000 ba almubazzaranci ba ne, haka duba sandar mai kowane mako. Matacin iska kuwa, da hunturu ya wuce a canza shi. Bugun sa a jikin taya da hura masa iska ba ya mayar da shi sabo.

Abin da ke damuna shi ne yadda aka bar dubban matasa a gareji suna gyaran motar kwamfuta da ilimin kafireto, ba wata makarantar koyon sana'a da ta isa gare su, yayin da galan-galan na man jabu da tamostat na bogi ke zaune a kasuwannin kayan gyara a bainar jama'a. Hukumar SON ce ke da alhakin ingancin kaya, kuma mai mota yana da haƙƙin ganin aikinta a kan kantar da yake saye. Mu ma masu motocin muna da namu sakacin: littafin mota yana cikin akwatin gaba shekara da shekaru ba a buɗe shi ba.

Mai karatu, gobe da safe ka murɗa makulli ka saurara. Idan fanka ta tashi nan take alhali injin da sanyinsa kuma ba ka kunna esi ba, ko ka yi tafiyar minti goma sha biyar allurar zafi ba ta kusanci tsakiya ba, akwai alamar an taɓa motarka. Ka kai ta wurin bakanike mai na'urar gwaji ya duba zafin ruwan, a mayar da tamostat na asali mai lamba 82, a mayar da fanka kan tsarinta, a wanke lagireto a zuba ruwan da ya dace.